YARO NA JIN ƘARA, BA YA JIN MAGANA

Kowane malamin makaranta da ya daɗe yana riƙe da alli ya taɓa gamuwa da yaron da ya ɗaure masa kai. In an buga ƙofa ya waiwaya. In an kaɗa ƙararrawar tashi yana cikin na farkon fita. Amma a kira shi a ce ya kawo littafi, sai ya tsaya yana kallon bakin mai magana kamar da wani harshe aka yi masa. Yau ya amsa, gobe ya yi shiru. Cikin ɗaki, daga shi sai uwarsa, yana gane kaɗan. A tsakiyar aji ko a kasuwa kuwa ba ya gane kome. Ba a cewa kurma ne, tun da kowa ya ga ya razana da tsawa. Saboda haka sai a yanke masa hukuncin kunnen ƙashi, ko a ce daƙiƙi ne, wani lokaci ma har da bulala.

Ba mu ce irin waɗannan yara duka abu ɗaya ke damunsu ba. Amma akwai waɗansu a cikinsu da ke ɗauke da wata kurumta ta dabam, wadda ba a daɗe da ba ta suna ba. A shekarar 1996 wani likitan jijiyoyi na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, mai suna Arnold Starr, shi da abokan aikinsa huɗu, suka buga bayanin mutum 10 waɗanda kunnensu ke kama sauti lafiya lau, amma saƙon ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Sunan da suka ba abin da Turanci, ma'anarsa ita ce ciwon jijiyar ji. Daga baya aka ga ashe ba ciwo ɗaya ba ne, dangi ne guda, har wani taron masana da aka yi a Komo ta ƙasar Italiya a 2008 ya gyara sunan domin ya nuna haka. Lissafin likitoci ya nuna kusan yaro ɗaya cikin goma na waɗanda ke da kurumta mai ɗorewa, wannan ce irin tasa.

Akwai wata na'ura da a ke dasawa cikin kunne wadda ta buɗe wa da yawa daga cikin yaran nan magana. Akwai kuma waɗanda aka yi wa aikin, aka kashe dukiya mai yawa, ba su sami abin kirki ba. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi mu ke so mu bayyana, kuma tilas mu fara da yadda kunne ke aiki.

HANYAR DA MAGANA KE BI

Sauti girgizar iska ce. In ta shiga ramin kunne sai ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya motsa waɗansu 'yan ƙasusuwa uku, su kuma su miƙa motsin ga wani bututu mai cike da ruwa da ke can cikin ƙashin kai. Bututun nan a naɗe ya ke kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi da ɗan ɗoriya, kuma a naɗensa bai fi ƙwayar wake girma ba. Da za a warware shi, tsawonsa kamar milimita 35 ne, watau bai kai inci ɗaya da rabi ba. Katantanwa za mu riƙa kiransa. Bakinta shi ke karɓar siririn sauti, ƙuryarta ita ke karɓar mai kauri.

Cikin katantanwa akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu gashi a kai, jere bisa layi, iri biyu. Na waje, kimanin 12,000, aikinsu ƙara ƙarfin sautin da ya zo a raunane. Na ciki, kimanin 3,500 tak, su ke juya motsin ruwa ya zama saƙon lantarki. A gindin kowace ƙwaya ta ciki akwai mahaɗa inda ta ke miƙa saƙon ga jijiya. Jijiyar ji kuwa igiya ce mai zare wajen 30,000, kowane zare da rigarsa kamar yadda a ke rufe wayar lantarki da roba, ta bi ta wani ɗan rami cikin ƙashi ta shiga gindin ƙwaƙwalwa.

Malaman ofis za su fi kowa gane wannan. Ƙwayoyin ciki su ne magatakarda mai rubuta takarda. Mahaɗa ita ce bakin ƙofa inda a ke danƙa takardar. Zaren jijiya su ne masinjoji, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce fada. Kurumtar da aka fi sani, magatakarda ne da mataimakansa suka mutu, ba mai rubutu. Wadda mu ke magana a kai kuwa, mataimaka na nan suna ta aiki, ɓarnar tana gaba: ko a hannun magatakarda, ko a bakin ƙofa, ko ga masinjoji.

Abin da ya tona asirin ciwon nan gwaji biyu ne da suka ƙi yarda da juna. A 1978 wani masani a Landan, David Kemp, ya gano kunne mai lafiya yana mayar da ɗan amo waje. In an sa masa sauti, ƙwayoyin nan na waje su kan motsa har su fid da wata 'yar amsa wadda ƙaramin makirfo ke iya kamawa a ramin kunne. Wannan gwaji na da sauƙi, minti kaɗan an gama, shi ya sa ƙasashe da yawa ke auna jarirai da shi. Gwaji na biyu ya girme shi, tun farkon shekarun 1970. A kan manna 'yan wayoyi a goshin yaro da bayan kunnensa yana barci, a riƙa sa masa ƙas-ƙas a kunne, na'ura ta zana amsar da jijiya da gindin ƙwaƙwalwa suka bayar. Ga mai lafiya, zanen na fitowa tudu-tudu a jere, duka cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Ga mai ciwon jijiyar ji kuwa, gwajin farko ya ce lafiya, na biyu ya fito a shafe ko a hargitse.

Ku lura da haɗarin da ke nan. In asibiti gwajin amo kaɗai ta ke yi, jaririn nan zai ci jarrabawa, a ba uwarsa takarda a ce kunnensa lafiya. Saboda haka a Amurka ƙa'idar da aka fitar a 2007 ta ce duk jaririn da ya kwana fiye da 5 a ɗakin jarirai marasa lafiya, da gwajin jijiya za a auna shi.

LUGUDE

To, me ya sa yaron ke jin ƙara amma ba ya jin magana? Amsar tana ga lokaci. Ku dubi mata uku suna lugude a turmi guda. Muddin kowace taɓarya na sauka a kan ƙa'idarta, mai wucewa a waje zai ji kiɗa sosai, har ya san gidan da a ke yi. In hannuwa suka saɓa, ƙarar na nan yadda ta ke, ƙarfinta bai ragu ba, amma kiɗan ya tafi, sai hayaniya. Haka zaren jijiya su ke. Domin ƙwaƙwalwa ta gane kalma, tilas dubban zare su buga tare, su tsaya tare. Mai lafiyar kunne yana iya gane ɗan shirun da aka saka cikin sauti ko da bai wuce kashi 3 cikin 1,000 na sakan ba. Mai wannan ciwo sai an ninka masa shirun sau da yawa kafin ya san an yi.

Magana kuwa da irin waɗannan 'yan gutsattsarin lokaci aka gina ta. Bambancin "ta" da "da" na cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A Hausa, gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasali ne kaɗai ya raba su. Kuka ta miya da kuka na hawaye, faɗuwar murya ce ta raba. Yaron da jijiyarsa ke kawo saƙo a warwatse, waɗannan duka su kan cakuɗe masa, musamman inda a ke surutu.

Wannan shi ya sa ɗaga murya ba ta cika amfani ba. Rediyon da bai kama tasha sosai ba, in an murɗa masa ƙara, shuu ɗin ne ke ƙaruwa. Duk da haka ba a yar da na'urar ƙara sauti, wadda a ke maƙalawa a kunne ba tare da fiɗa ba. Wani masani a Melbon ta Ostareliya, Gary Rance, ya nuna a 2002 cewa kimanin rabin yaran da ya gwada sun ƙaru da ita wajen gane magana. Saboda haka da ita a kan fara, in gwaji ya nuna yaron na bukatar ƙarin sauti.

Abubuwan da ke kawo ciwon suna da yawa. Akwai haihuwar bakwaini, da ƙarancin iska lokacin haihuwa. Akwai gado. Akwai yaron da aka haifa jijiyar tasa siririya ƙwarai, ko babu ita ɗungum. Akwai kuma cututtukan da ke cin jijiyoyin jiki gaba ɗaya, ta ji ta shiga cikin sahu. Har akwai wani iri mai ban mamaki da Starr ya ba da labarinsa a 1998: yara da ke ji sa'ad da su ke lafiya, da zarar zazzaɓi ya kama su sai su kurumce, in jiki ya yi sanyi ji ya komo.

Amma wanda ya fi shafarmu a ƙasar nan shi ne shawarar jarirai, kuma ya cancanci mu tsaya a kansa. Jarirai da yawa su kan yi ɗan rawaya-rawaya a kwanakin farko, ya wuce da kansa. In abin ya yi yawa kuwa, sinadarin nan mai launin rawaya yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, kuma hanyar ji na cikin wuraren da ya fara ci. Ya kan bar katantanwa lafiya ya ɓata jijiya da tashoshinta, watau ainihin ciwon da mu ke bayani. Shawarar ta fi tsanani tsakanin kwana 3 da 5, daidai lokacin da mai jego da jaririnta ke cikin ɗaki mai duhu, kowa hankalinsa na kan shirin suna. Ga shi kuma fatar baƙin jariri ba ta nuna rawaya da wuri. Sai an duba farin ido da dasashi da hasken rana. Akwai wani raunin jini na gado da ya yawaita a ƙasarmu, musamman ga 'ya'ya maza, wanda ke sa jini ya farfashe in jariri ya shaƙi ƙwallayen kafur da a ke sa wa cikin akwatin tufafi, ko aka shafa masa lalle. Likita Bolajoko Olusanya da abokan aikinta, waɗanda suka auna jin dubban jarirai a Ikko daga 2005, sun nuna shawara mai tsanani na tafe da kurumta. Maganin kuwa sananne ne tun 1958, sa'ad da aka buga abin da aka gano a wata asibiti a Rochford ta Ingila, bayan wata nas ta lura jariran da ta ke fitarwa waje rawayarsu na raguwa. Shuɗiyar fitila a ke sa jariri ƙarƙashinta, in ya tsananta a canja masa jini. Kada wani ya ɗauki wannan ya shanya jariri a rana tsagwaronta, gama ƙuna da zafi na iya halaka shi. Jaririn da ya yi rawaya ran da aka haife shi, ko ya ƙi nono, ko ya riƙa banƙarewa da kuka mai tsini, asibiti za a nufa da shi a ranar. Kuɗin fitilar nan ba su kai ko kusa da kuɗin abin da za mu ambata yanzu ba.

NA'URAR DA A KE DASAWA

Tunanin sa wa kunne lantarki tsoho ne. Wajen 1800, Volta, Ba'italiyen da ya ƙago batir, ya cusa ƙarafa biyu cikin kunnuwansa ya haɗa su da batir ɗinsa. Ya ji wata girgiza a kai, da ƙara kamar ta tafasar miya mai kauri, bai kuma sake ba. A 1957 a Faris, André Djourno da Charles Eyriès suka ɗora waya bisa jijiyar wani kurma, ya ji sauti kamar kukan gyare. William House ya ci gaba a Los Anjeles daga 1961. Na'ura mai hanyoyi da yawa, irin ta yau, ta fito daga hannun Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977, da Graeme Clark a Melbon a 1978. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a dasa wa yara masu shekara 2 a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sa'an nan wata 9 a 2020. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa kimanin 736,900 a duniya.

Kashi biyu gare ta. Na waje yana bayan kunne, da makirfo da batir da 'yar kwamfuta mai rarraba sauti, siriri dabam, mai kauri dabam. Na ciki likita ke binne shi ƙarƙashin fatar kai. Mayen ƙarfe ke riƙe su biyun, fata na tsakani, saƙo na ƙetarawa kamar na rediyo. Daga na cikin wata siririyar waya ta fito, a zura ta cikin katantanwa ta bi naɗinta. A jikin wayar akwai 'yan ƙarafa jere, 12 ko 16 ko 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera, kowane na tsokanar zaren jijiyar da ke kusa da shi da ɗan lantarki. Aikin fiɗar ya kan ci kamar awa biyu, a jira makonni kaɗan rauni ya warke, sa'an nan a kunna. A kan yi wa yaro allurar rigakafin sanƙarau tukuna, domin dashen na ƙara haɗarinsa.

Abin lura a nan, na'urar ba ta gyara kome cikin kunne. Tsallake magatakarda da bakin ƙofa ta ke yi, ta danƙa takarda kai tsaye a hannun masinjoji. Ƙarafa 22 ba za su yi aikin ƙwayoyi 3,500 ba, sautin da ta ke bayarwa bai kai na Allah ba ko kusa, amma ƙwaƙwalwar yaro ƙarami ta kan koyi karanta shi har ya yi magana ya shiga aji da 'yan'uwansa.

Da fari likitoci sun yi ɗari-ɗari da dasa wa masu ciwon jijiyar ji, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: in jijiya ce ta lalace, me amfanin aika saƙo ta cikinta? Sai a 2001 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka ba da labarin yara 5 da suka dasa wa, dukansu suka ci gaba wajen ji da magana. Abin da ya fi jan hankali, zanen nan na amsar jijiya da ya ƙi fitowa da sauti, da aka tsokani jijiyar da lantarki sai ga shi tudu-tudu. Dalilin biyu ne. Na ɗaya, da yawa daga cikin yaran nan jijiyarsu ba abin da ya same ta, sunan ciwon ne ya ɗora mata laifi, ɓarnar tana ga ƙwayoyin ciki ko mahaɗa. Na biyu, bugun lantarki kaifi gare shi, yana tilasta wa zare su tashi lokaci guda, kamar mai waƙar da ke daidaita wa masu lugude hannu. Jijiyar da ta ɗan raunana ma ta kan bi.

Misalin da ya fi kowane kyau shi ne na wata ƙwayar gado da a ke kira OTOF, wadda masana a cibiyar Pasteur ta Faris, ƙarƙashin Christine Petit, suka gano a 1999 cikin waɗansu iyalai na ƙasar Labanan. Ita ke yin sinadarin da ke buɗe ƙofar nan ta mahaɗa. Yaron da ya gaji ɓatacciyarta daga uwa da uba, kome nasa lafiya ne sai ƙofar, saboda haka irinsu na cikin waɗanda suka fi kowa cin moriyar dashe. Tun da sai ta zo ta ɓangare biyu, auren zumunta na ƙara yiwuwarta.

A TAMBAYI JIJIYA

Amma labarin ba duka ya ke da daɗi ba. A Jami'ar Karolina ta Arewa, likitoci sun ɗauki hoton kan yara 51 masu wannan ciwo, suka ba da sakamako a 2006: 9 daga cikinsu jijiyar ko ta ƙanƙance ko babu ita. A 2010 kuma suka ba da labarin yara 140, waɗanda aka dasa wa 52 daga ciki a kunnen da ke da ciwon. Rabin waɗanda aka dasa wa sun kai ga gane kalmomi da kunne kaɗai, waɗansu kuma ba su isa a gwada su ba saboda ƙanƙanta ko jinkirin girma. Cikin waɗanda jijiyarsu ta gaza a kunnen da aka dasa kuwa, ba ko ɗaya da ya kai wannan matsayi. An sami waɗansu a wurare dabam daga baya da suka tsinci magana da siririyar jijiya, amma galibi abin da su kan samu shi ne sanin an yi ƙara, da taimako wajen karanta leɓe. Haka kuma masu cutar da ke cin jijiyoyin jiki duka, sakamakonsu ba shi da tabbas.

Saboda haka, a ganinmu, duk likitan da zai kai wuƙa kan yaro mai wannan ciwo bai ga jijiyar ba, ya yi ganganci. Gani ya kori ji. Hoton ƙashi ba ya wadatarwa, gama ramin na iya zama daidai alhali ba kome a ciki. Hoton MRI, mai aiki da maganaɗisu, shi ke nuna jijiyoyi huɗu da ke bi ta ramin nan: ta fuska, biyu na daidaita tsayuwa, da ta ji. In aka ƙirga uku, an san abin da a ke ciki, kuma haƙƙin iyaye ne a gaya musu kafin su sayar da gona.

Bayan an dasa kuma, na'urar da kanta tana iya tambayar jijiya. Ƙarfe ɗaya ya buga, na kusa da shi ya saurara, kwamfuta ta zana amsar, wadda ke zuwa kafin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ya cika. A kan yi wannan tun yaro na kan gadon fiɗa bai farka ba, a bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsa babba ne, domin jariri ba zai ce "wannan ya yi ƙarfi" ko "ban ji ba". Da amsar jijiya a ke kimanta lantarkin da za a fara ba shi. A binciken nan na 2010, yaran da jijiyarsu ta amsa da ƙarfi su suka fi gane magana. Masu siririyar jijiya kuwa, an ga sai an ƙara musu lantarki kafin ta motsa, amsar ƙarama ce, kuma tana ƙara raguwa in aka nufi ƙuryar katantanwa. Irin wannan jijiya ta kan so a rage mata saurin bugu, a tsawaita kowane bugu. Ga wata wahala kuma: jijiyar fuska maƙwabciya ce, in lantarki ya yi yawa sai a ga ido ko gefen baki na motsi. Amsa mai kyau dai shaida ce masinjoji sun karɓi takarda, ba ta ce fada ta karanta ba. Yaron da shawara ko ƙarancin iska suka taɓa wa ƙwaƙwalwa na iya samun jijiya mai amsawa, magana kuma ta zo a hankali.

Inda babu jijiya sam, akwai wata na'urar da a ke ɗorawa a gindin ƙwaƙwalwa kanta. House da abokinsa William Hitselberger suka fara ta ga babba a 1979, Vittorio Colletti na Berona ya kai ta ga yara wajen shekarar 2000. Fiɗar kai ce sosai, kuma abin da a ke samu bai kai na dashen katantanwa ba.

Sauran magana ita ce yaushe. Nan karin magana biyu suka yi karo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: binciken Anu Sharma na 2002 ya nuna yaran da aka dasa wa kafin shekara 3 da rabi, sashen ji na ƙwaƙwalwarsu ya kan kamo na tsaransu, bayan shekara 7 kuwa da wuya. Amma sauri ya haifi nawa: waɗansu jariran, musamman bakwaini da masu shawara, jijiyarsu kan gyaru da kanta cikin shekarar farko zuwa ta biyu, kuma wayar da aka zura cikin katantanwa na iya kashe ɗan jin da ke akwai. Gwajin jijiya ba ya faɗin yawan abin da mai wannan ciwo ke ji, sai yaro ya kai wata 6 ko fiye, ya fara waiwayar sauti, a auna shi da idon basira. Saboda haka a kan maimaita gwaji, a sa na'urar ƙara sauti, a zuba ido kan maganarsa. In watanni sun shuɗe ba ta motsa ba, ba a ƙara jira.

Kuɗin abin dubban daloli ne, kuma ranar fiɗa ba ita ce ƙarshen biya ba. Akwai batir, akwai wayar da ke tsinkewa, akwai komawa wurin mai daidaita na'ura, akwai shekaru na koyon magana. Iyalin da ke zargin wannan ciwo su nemi sashen kunne na babbar asibiti, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, su tambaya takamaimai a yi gwajin nan biyu, ba ɗaya ba. Ko za a dasa ko ba za a dasa ba, kada a bar yaro ba harshe yana jiran na'ura. Kuramen ƙasar Hausa na da maganar hannu tasu, cikakkiya, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta buga littafi a 2000. Malamin da ke da irin yaron nan a aji kuwa, ya zaunar da shi gaba, ya fuskance shi, ya yi magana a sarari ba da tsawa ba, ya sa aji ya yi tsit kafin ya ba da umurni, ya kuma rubuta a allo.

A 'yan shekarun nan wata ƙofa ta buɗe ga masu OTOF kaɗai, waɗanda kaɗan ne cikin kurame. Tun da kunnensu da jijiyarsu lafiya su ke, masana suka ce me zai hana a ba su ƙwayar gadon mai kyau? Ta yi girma ga ƙwayar bairas marar cutarwa da a ke aikawa da ita, sai aka raba ta biyu, a ɗura cikin katantanwa, ta haɗe a can. A Janairu 2024 likitocin Jami'ar Fudan a Shanghai ta ƙasar Sin suka ba da labarin yara 6 da suka yi wa haka, 5 suka sami ji. Kunnen da ba a dasa wa na'ura ba a ke yi wa wannan, saboda haka gwajin jini na gane ƙwayar gado ya shiga cikin abin da a ke so a sani kafin fiɗa. A Kembrij ta Ingila, a 2023, an yi wa wata jaririya da ba ta cika shekara ba duka biyun a zama ɗaya: na'ura a kunnen hagu, ƙwayar gado a na dama. Bayan wata 6, in an kashe na'urar, tana waiwayar raɗa da kunnen dama.